Arthur Coningham (1895-1948): Hafsan da Ya Fara Sauke Jirgin Sama a Kano

Gabatarwa

A tarihin Kano na zamanin mulkin Turawa akwai shekaru biyu waɗanda ko ɗan firamare ya haddace su, watau 1903 da aka ci birnin da yaƙi, da kuma 1911 da hanyar jirgin ƙasa ta iso. Akwai ta uku wadda ba a cika ba ta muhimmanci ba, ita ce 1925. Da yammacin ran Lahadi, 1 ga Nuwamba na wannan shekara, a zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Abdullahi, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a filin da Turawa suke wasan dawaki a wajen birni. Lokacin kaka ne, an riga an kai gero rumbu, ana ta cirar gyaɗa a karkarar Kano, dawa kuwa ta nuna tana jiran girbi.

Galibi akan ba da wannan labari ne a matsayin abin al'ajabi kurum, ba a damu da wane ne madugun tafiyar ba, balle abin da ya kawo shi. Sunan madugun Arthur Coningham, kuma ba yawon buɗe ido ya zo ba. Hanya aka aiko shi ya gwada. Bayan shekara goma sha shida, sa'ad da ya zama babban kwamandan jiragen yaƙin Ingila a hamadar Masar da Libiya, ta wannan hanya, wadda Kano take ɗaya daga cikin manyan zangunanta, aka riƙa tura masa jiragen da ya yaƙi Jamusawa da su.

Asalinsa da Yaƙin Duniya na Ɗaya

An haifi Arthur Coningham a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya ran 19 ga Janairu, 1895. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Arthur, shahararren ɗan wasan kurket ne, amma ya ɓata sunansa da wata shari'a da ya ɗaukaka a kan wani limamin Kirista, ya sha kaye, har zaman ƙasar ya gagare shi. Ta haka iyalin suka ƙaura zuwa Niyu Zilan yaron yana ƙarami. Can ma uban bai zauna lafiya ba, sai da ya yi zaman kurkuku saboda zamba, auren kuma ya mutu a 1912. Yaron ya yi karatu a Kwalejin Wellington, inda bai yi fice a littafi ba sai a hawan doki da harbi, da ya fita kuma ya kama aikin ƙodago a gonakin mutane.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914 sai ya shiga soja. Ya je tsibirin Samowa da rundunar da ta ƙwace shi daga hannun Jamus, daga baya aka kai shi Masar cikin sojan doki. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka sallame shi a 1916 a kan cewa ba shi da sauran amfani ga soja. Wani da sai ya ce Allah ya raba shi da wahala. Shi kuwa sai ya biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsa ya tafi Ingila, ya nemi a ɗauke shi cikin sojan sama. Kafin shekarar ta ƙare yana filin daga a Faransa yana tuƙa jirgi. Sau biyu ana yi masa rauni a sama, a 1917 da 1918, an lasafta masa jiragen abokan gaba 14 da ya kakkaɓo shi kaɗai ko tare da wasu, ya kuma sami lambobin yabo uku. Yana da shekara 23 aka ba shi shugabancin Rukuni na 92, wanda aikinsa ya haɗa da saukowa ƙasa ƙasa a buɗe wa sojan Jamus wuta a kan hanyoyi. A can ne abokansa suka laƙaba masa sunan Maori, watau sunan mutanen asali na Niyu Zilan, bakin Ingilishi ya lanƙwasa shi ya koma Mary. Sunan mata ne, amma da shi aka san shi har ya mutu, bai kuwa nuna ya damu ba.

Daga Mausil zuwa Kano

Bayan yaƙi ya zauna cikin sojan sama, a 1922 aka tura shi Iraƙi, ya shugabanci Rukuni na 55 a Mausil. Ya kamata a faɗi irin aikin da ake yi a can ba tare da kwana-kwana ba. Gwamnatin Ingila ta ga cewa ajiye dubban sojan ƙasa a Iraƙi yana cin kuɗi, sai ta danƙa tsaron ƙasar a hannun sojan sama. Ƙabilar da ta ƙi biyayya, musamman cikin Kurdawa na kan duwatsu, akan gargaɗe ta, in ta ƙi ji a yi wa ƙauyukanta ruwan bama-bamai. A wannan makaranta ce Coningham ya ƙware da tashi a ƙasar da babu hanya babu alama, da sauka a fage ko a fako, da kuma lura da abin da jirgi yake iya yi wa mutumin da yake ƙasa. Wanda zai yaba gwanintarsa ta baya, wajibi ne ya tuna a kan wa aka koye ta.

Daga Iraƙi aka mai da shi Masar. A 1925 aka zaɓe shi ya ja jirage uku samfurin DH.9A daga Helwan, kusa da Alƙahira, zuwa Nijeriya. Jirage ne na katako da zane, masu fukafukai hawa biyu, kowane yana ɗaukar mutum biyu a zaune a buɗe, rana da iska suna dukansu. Sun tashi ran 27 ga Oktoba, suka bi Kogin Nilu ta Wadi Halfa zuwa Hartum, sa'an nan suka juya yamma ta Alfashir da Abeshe da Fallomi, wadda ake kira Injamena yanzu, suka yada zango a Maiduguri, suka iso Kano a rana ta shida. An riga an kai musu mai a wuraren da za su sauka, amma tsakanin zango da zango ba su da abin dogara sai kamfas da taswirar da ba ta cika daidai ba. Sun koma Helwan ran 19 ga Nuwamba da jiragensu uku cif, aka ba Coningham lambar girma saboda wannan tafiya.

Littattafan Turawa sukan ce shi ya buɗe wannan hanya. A sama ne ya buɗe ta, domin a ƙasa tsohuwar hanya ce. Ita ce hanyar da alhazan ƙasar Hausa da Barno suka daɗe suna bi da ƙafa da jakuna zuwa Makka, ta Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su sami guzuri, wani ya shekara biyu, wani ya shekara goma, wani ma ya zauna can ke nan. Ita ce kuma hanyar da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilu. Abin da Coningham ya nuna wa shugabanninsa shi ne, tafiyar da Bakano yake yi cikin shekaru, jirgin soja zai yi ta cikin mako guda, kuma za a iya ɗauko ƙarfin yaƙi daga wannan gefe na Afirka a kai wancan ba tare da an bi ta teku ba.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano ta wannan hanya, aka kuma gyara filin jirgi a arewacin birni, daidai inda gonakin ƙasar Ungogo suke farawa. Shi ne filin da ake kira da sunan Malam Aminu Kano a yau. Shi kuwa Coningham ya ci gaba da hawa muƙami sannu a hankali. Ya koyar a makarantun sojan sama na Ingila, ya yi aiki a Sudan, ya yi aure a Iskandariya a 1932. Bai taɓa shiga kwalejin horar da manyan hafsoshi ba, abin da ba kasafai ake samu ba ga wanda ya kai inda ya kai.

Yaƙin Hitila da Hanyar Takoradi

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi yana shugabancin Runduna ta 4 ta jiragen jefa bam a arewacin Ingila. Shekara biyu ya yi a nan, jiragensa suna zuwa Jamus da dare, da fari suna watsa takardun farfaganda, daga baya bama-bamai. Ba a nan ya yi suna ba.

Abin da ya sauya al'amura shi ne faɗuwar Faransa da shigar Italiya yaƙi a watan Yuni 1940. Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa ga jiragen ruwan Ingila, wanda kuwa zai kai kaya Masar sai ya kewaye Afirka ta kudu, tafiyar wata biyu ko fiye. Sojan Ingila na Masar suna bukatar jiragen sama da gaggawa, ƙananan jiragen yaƙi kuma ba su iya tashi daga Ingila su kai can da kansu. Sai aka tuna da hanyar 1925. Aka shirya a riƙa kawo jirage a wargaje cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, a tuƙa su zuwa Ikko, daga nan Kano, Maiduguri, Fallomi, Aljunaina, Alfashir, Hartum, har Masar, kimanin mil 3,700. Da Gwamnan Cadi, Félix Éboué, bai bi bayan Janar Digol ba a watan Agusta 1940, da hanyar ta yanke a tsakiya. Ayari na farko, jirgin Blenheim ɗaya da Hurricane shida, ya tashi daga Takoradi a watan Satumba na wannan shekara, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan.

Tsarin tafiyar bai bambanta da na fatake ba. Babban jirgi mai inji biyu, wanda yake ɗauke da masanin hanya, shi ne jagaba, ƙanana suna biye da shi. Wanda ya ɓace wa ayari cikin hazon hunturu, ko injinsa ya tsaya tsakanin Barno da Darfur, sau da yawa ya tafi ke nan. Rairayi yakan ci injuna, har wasu jiragen sai an sake musu aiki a Masar kafin su shiga yaƙi. Kano ta zama babban zango domin nan jirgin ƙasa yake kawo mai da kayan gyara daga Ikko. Wurin kuwa ba shi da cikakken aminci, gama ƙasar Nijar tana hannun Faransawan Vichy masu ɗasawa da Jamus har zuwa Nuwamba 1942, iyakarta kuma ba ta kai mil 100 daga Kano ba. Jamusawa ma sun san darajar hanyar. A watan Janairu 1942 wani jirginsu guda ya ƙetaro Sahara daga Libiya ya jefa bam a Fallomi, ya ƙone man da aka tara domin ayarin.

Manoman arewacin Kano, na ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har Ɗambatta, ba kallon jirage kaɗai ne rabonsu a wannan yaƙi ba. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona tana jingine da gona, ba a barin ko taki ɗaya ya huta, ana noma ta kowace shekara da ƙarfin takin da jakuna suke ɗaukowa daga birni. A irin wannan ƙasa duk kadadar da aka ba gyaɗa, daga bakin gero da dawa aka ƙwace ta. Da Japan ta mamaye Malaya da tsibiran Indunusiya a farkon 1942, Ingila ta rasa man girki da kuza da take samu daga can, sai ta juyo kan Nijeriya ta Arewa. Aka matsa wa hakimai da dagatai su sa a ƙara noman gyaɗa, gwamnati ta yanke farashin da za a saya, alhali tufafi da gishiri da kananzir sun yi wuya sun yi tsada. Daga 1942 zuwa 1944 aka kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos. Ga samarin da aka ɗauka soja, waɗanda suka yi yaƙin Habasha da na Bama. Ga kuma kuɗin gudummawa da aka tara a ƙasar domin sayen jirage, wanda ya sa aka laƙaba wa Rukuni na 91 na sojan saman Ingila sunan Nijeriya. Ba Coningham ne ya tsara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma nasarar da ake jingina masa tana da masu ɗaukar kayanta, kuma wasunsu a wannan karkara suke.

Kwamandan Hamada

A watan Yuli 1941 Arthur Tedder, babban kwamandan sojan sama na Gabas ta Tsakiya, ya kira Coningham ya danƙa masa jiragen da suke yaƙi a hamadar yammacin Masar. Ya tarar da sojan ƙasa da na sama ba sa ga maciji da juna. Kowane janar yana so a ba shi nasa jiragen, su yi ta shawagi a kan rundunarsa kamar laima, domin sojansa su gani hankalinsu ya kwanta. Coningham ya ƙi wannan ƙememe. Hujjarsa ita ce, jiragen da aka rarraba kaɗan kaɗan ba su tsare kowa, sai dai abokan gaba su bi su ɗaya ɗaya su tsince. A ganinsa wajibi ne jirage duka su kasance a hannun hafsan sama guda, wanda yake daidai da kwamandan ƙasa a daraja, ba yaronsa ba. Aikin farko shi ne a kori jiragen abokan gaba daga sama, a farfasa su tun suna filayensu. Na biyu a datse musu hanyar mai da abinci da harsashi. Sai an yi waɗannan ne taimakon sojan da suke bakin daga yake yin amfani.

Bai tsaya ga faɗa da baki ba. Ya kafa tantinsa kusa da na kwamandan Runduna ta Takwas, domin a yi shawara tare safe da yamma. Ya raba ma'aikatan kowane rukuni gida biyu, rabi su yi gaba su share sabon fili, rabi su ci gaba da tayar da jirage a tsohon, saboda haka ko ana ci gaba ko ana ja da baya jiragensa ba su fasa tashi. Ya sa aka ɗaura wa ƙananan jirage irin su Hurricane da Kittyhawk bama-bamai, suka zama suna yin aiki biyu. Aka kuma sa hafsoshi masu rediyo cikin sojan ƙasa, waɗanda suke aika kira kai tsaye zuwa inda ake ba jirage umarni. Mutum ne mai fara'a da kaifin baki, ba ya shan taba, giya ma sai kaɗan, matuƙansa kuma suna ganinsa a filayensu a kai a kai, domin shi yake tuƙa kansa ya kewaya su.

An ga amfanin wannan tsari a lokacin da abubuwa suka fi lalacewa. A watan Yuni 1942 Janar Romel ya karya Runduna ta Takwas a Gazala, ya ci Tobruk ran 21 ga wata, sojan Ingila suka yi ta gudu gabas a kan hanya guda ta bakin teku, mota na bin mota. Da jiragen Jamus sun sami sarari a kansu, da an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Jiragen Coningham ne suka tsaya musu, suna barin kowane fili sai abokan gaba sun kusa shigarsa, har rundunar ta kai El Alamein ta ja daga. A ƙarshen Agusta, a Alam Halfa, suka yi wa tankoki da motocin Romel luguden wuta dare da rana sai da ya janye. Sa'ad da Janar Montgomery ya buɗe babban farmakinsa ran 23 ga Oktoba, Coningham yana da jirage fiye da 500 masu lafiya, abokan gaba kuwa kimanin 350. Ba dukansu ne suka biyo ta Kano ba, wasu ta teku aka kai su, amma a shekaru biyun da Masar take cikin haɗari, hanyar Takoradi ce ta fi saurin cike gurbin waɗanda aka harbo. Bayan wannan nasara Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir.

Daga nan ne kuma zumuncinsa da Montgomery ya fara tsami. Coningham yana ganin Montgomery ya yi sanyin jiki wajen bin Romel bayan ya karya shi, ya bar shi ya tsira, sa'an nan ya tattara yabon duka ya kai gidansa. Akwai gaskiya cikin ƙorafin, akwai kuma kishi, domin shi ma Coningham ba ya ƙin a ambace shi.

Tunisiya da Turai

A watan Fabrairu 1943, daidai lokacin da Romel ya ba sojan Amurka kashi a Kasserine, aka naɗa Coningham shugaban jiragen Ingila da na Amurka masu taimakon sojan ƙasa a Tunisiya. Ya tarar Amurkawa suna yin kuskuren da aka bari a Masar, nan take ya soke tsarin laima. Bakinsa ya kusa jawo masa tsiya a watan Afrilu, sa'ad da Janar Patton ya kai ƙarar cewa an bar sojansa babu kariya daga sama, shi kuwa ya mayar da amsa a rubuce mai nuna cewa watakila sojan ne ba su isa yaƙi ba. Sai da Tedder ya sa shi ya janye maganar, ya je ya ba da haƙuri. Duk da haka ra'ayinsa ne ya yi rinjaye, domin a watan Yuli na wannan shekara sojan Amurka suka fitar da littafin ƙa'ida mai lamba FM 100-20, wanda ya tabbatar da cewa ƙarfin ƙasa da na sama daidai suke, babu wanda yake ƙarƙashin wani.

Bayan Sisili da kudancin Italiya, aka mai da shi Ingila a Janairu 1944 ya karɓi rundunar jiragen da za su rufa wa sojan Ingila da na Kanada baya a Faransa. Ya riƙe ta tun daga saukar Normandi ran 6 ga Yuni har Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu 1945. A nan ma rigimarsa da Montgomery ba ta kwanta ba, musamman a kan jinkirin cin garin Caen, wanda filayen da suke bayansa ne Coningham yake bukata domin jiragensa. Mutanen da suka koya wa duniya cewa kwamandan ƙasa da na sama su zauna a tanti ɗaya, sai ga shi da ƙyar suke haɗuwa, na ƙasa da su ne suke ɗinke ɓarakar.

Ƙarshensa

Da aka gama yaƙi aka ba shi shugabancin makarantun koyon tuƙi na sojan sama, muƙamin da bai kai abin da ya sa rai ba. A 1947 ya nemi a sallame shi, yana da shekara 52.

A ƙarshen Janairu 1948 ya shiga wani jirgin fasinja mai suna Star Tiger, na kamfanin British South American Airways, zai tafi Bamuda. Jirgin ya tashi daga tsibirin Santa Maria na Azores da mutum 31 a ciki, yana fama da iska mai ƙarfi a gabansa. Kafin asubahin ran 30 ga wata ya yi magana ta ƙarshe da ma'aikatan rediyo na Bamuda, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An yi kwanaki ana nema a Tekun Atlantika, ba a ga gawa ba, ba a ga ko ɓallin jirgin ba, kwamitin binciken da aka kafa kuma ya tashi bai gano dalili ba. A wannan rana ce aka harbe Mahatma Gandi a Delhi, a ranar ce kuma Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903, ya rasu a Amurka, jaridun washegari suka haɗa labaran uku a shafi guda.